Tabarmar da Inna Ke Shimfiɗa wa Takwara

Daga Allah muke, gare shi Inna ta koma, mu ma muna bisa hanya. Wannan ban yi gardama da shi ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganganun da na zauna na sha a tsakar gidanta kwanakin makoki, kaina a sunkuye, ina ta amsa amin.

Inna uwar mijina ce. Ta rasu a Filingue cikin bazarar da ta wuce, kuma tun kafin maza su dawo daga maƙabarta gida ya cika. Matan Tabla, inda aka haife ta, sun zo bisa amalanke. Zabarmawan da take sayen ganye wurinsu sun taso daga Baleyara suna ta "fonda tilas", gaisuwar ta'aziyyarsu, suna kuka na gaske. Wata ta tuna dambunta, wata ta tuna zaginta, aka yi dariya aka share hawaye. Har nan ba laifi. Laifin yana farawa ne in sun waiga kusurwar rumfa suka ga ɗiyata zaune, an jingina ta da buhun hatsi.

"Tubarkalla! Wagga ita ta anka ce ba ta da lahiya? Ku dubi kumatu!"

"Wallahi ta hi ɗiyan gidanmu kyan gani. Tsohuwa dai ta kashe kanta bisa hanyar Yamai a banza."

Na ji wannan daga baki fiye da ɗaya, bakin matan da ko sau ɗaya ba su taɓa ɗaga yarinyar nan sun kai ta bayan gida ba. Raina ya ɓaci a ranar, kuma har yau bai gyaru ba. Saboda su nake wannan rubutu, don kada labarin Inna ya zauna yadda suka ajiye shi.

Yarinyar ita ce 'yar farina, kuma sunan Inna aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kaina. Ba na faɗin sunanta, ba na ɗaukarta gaban mutane, in ta faɗi ta fasa baki ban isa in tashi da gudu ba. Ubanta ma haka. Da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, can ta girma. Inna na ce mata Takwara, gida duka ya ɗauka. Ita kuma tana ce mini Madam, yadda yaran lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, suke kirana.

Ranar da Inna ta ɗauke ta, sai ta tsaya bakin ƙofata da ita a goye.

"Ke, ji nan. Kunya taki ta, baki nawa na. In kin ga abin da bai yi miki ba ga ɗiyag ga, ki taɓa min ƙahwa, ni in yi hwaɗan."

Haka muka zauna fiye da shekara goma. In an zalunci Takwara wurin rabon nama, ko wani ya ɗaga mata hannu, sai in matsa kusa da Inna kamar zan ɗauki wani abu, in taɓa ƙafarta. Kafin in koma wurina gida ya kama da wuta. Inna ta san kunyar nan ciki da waje, don ita ma ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, wan mijina da muke ce wa Yaya. In tana nemansa sai ta ce a kira mata "mai gemun can".

Kada wanda bai san ta ba ya ɗauka mace ce mai sanyi. Dambu da kopto, kwaɗon ganye, take sayarwa a bakin kasuwa, taba a kunci, kuma ba a gama ciniki da ita ba a sha baƙar magana ba. Tuwona na farko a gidan ta ɗanɗana ta ce da gani hannun mai riƙon alli ne. Na yi kuka ranar. Washegari ta tashe ni ta tsaya a kaina har na iya, ba ta kuma bari kowa ya ji ba.

Ciwon Takwara a hankali ya shigo. Guga ya fara kuɓuce mata a rijiya, taɓarya ta yi mata nauyi, ta kasa hawa amalanke. Inna ce ta fara zaginta da ragwanci. Sai fatar idonta ta yi wani ja mai duhu kamar an dama mata kwalli da jini, gaɓoɓin yatsunta suka yi ja suna saɓa, kuma duk ranar da ta sha rana abin ya fi muni. Daga nan fura ta fara sarƙe ta. Daga baya wasu ƙulle-ƙulle masu tauri suka fito mata a gwiwar hannu. Inna da kanta ta kira wanzami ya tsaga ɗaya, wani farin abu ya fito kamar garin alli, wurin ya ruɓe ya ƙi warkewa. Ba zan wanke ta a nan ba, ta yi kuskure, yarinya ta sha wuya. Amma tun daga ranar ba ta sake bari aska ta kusanci Takwara ba. Ta goya ta, ta nufi tasha.

A Yamai aka haɗa su da wata likitar yara. Zabarmanci da Faransanci take ji, Hausarta ba ta kai ta kawo ba, don haka Inna ta ce in riƙa bin su ina fassara. Da wannan hujjar na samu shiga mota, a matsayin tafinta. An daɗe likita tana zaton ni malamar lakwal ɗin yarinyar ce kawai.

Ta ce sunan ciwon darmatomiyozit, kuma ba a cika ganinsa ga yara ba. Masu gadin da Allah ya sa a jinin mutum don su kore cuta, su ne suka juya suna cin naman jikinta da fatarta. Na fassara. Inna ta juya taba a kuncinta.

"Wato karen gida na ka cizon ɗiyan gida."

Likita ta ce haka ne. Ta rubuta ƙwayoyin kortizon da wata allura ta mako-mako, ta ce a tsare ta daga rana. Ta kuma yi gargaɗi, na fassara shi kalma-kalma, cewa ƙwayoyin za su kumbura mata fuska da ciki, kuma wannan kumburin ba lafiya ba ne.

To, je ka faɗa wa Filingue haka. Mu mutane ne da in yaro ya yi kumatu sai mu ce uwarsa ta iya kiwo. Cikin 'yan watanni fuskar Takwara ta cika ta yi tim, wuyanta ya yi tozo, unguwa ta fara yi wa Inna barka. Maganin kuwa ya ɗan taimaka sannan ya tsaya. Duk lokacin da likita ta rage ƙwaya sai ciwo ya taso, in ta ƙara sai fuska ta ƙara cika, barka ta ƙaru. Ban taɓa jin gaisuwar da ta ƙona mini rai kamar wannan barkar ba.

Nan tabarma ta shigo. A asibiti likita takan sa Takwara ta zauna ƙasa ta ce ta tashi ba tare da an kama ta ba, tana kallon yadda za ta yi. Inna ta ɗauko wannan ta kawo gida. Kowace safiya, kafin ta ɗora tukunyar dambu, sai ta shimfiɗa tabarmarta ƙarƙashin rumfa, ta zaunar da yarinyar, ta ja da baya.

"Takwara, tashi."

Da wannan take sanin ko jiya ta fi yau. Kuma duk baƙuwar da ta yi kuskuren yabon kumatu, Inna ba ta gardama da ita. Tabarma take ɗaukowa.

"Zamna ki gani. Ni ban tambayi kumatu ba, ƙahwa nika tambaya."

Da yawa sun daina zuwa. Yaya kuwa, ranar da ya ce tafiyar Yamai ta isa haka tunda yarinya ta murmure, Inna ta shimfiɗa masa tabarmar. Bai tsaya ba. Ya juya baya ya ce wannan tozarta yarinya ne, ya fita. Inna ta bi shi da zagi har zaure, amma idonsa bai ga komai ba.

Da aka shekara ana abu ɗaya, likita ta zaunar da mu ta ce magungunan farko sun kai iyakarsu. Ƙwayoyin sun fara cin ƙashin yarinyar, ba za a dawwama a kansu ba. Akwai wasu, masu ƙarfi, waɗanda ake zuwa gare su in ciwo ya yi taurin kai, kuma sai an zaɓa. Na farko ƙarin ruwa ne da ake tacewa daga jinin mutane masu yawa, yakan yi aiki, amma kowane wata ake so a yi, kuma daga waje yake zuwa, wata ya zo wata bai zo ba. Na biyu shi ma ƙarin ruwa ne, sunansa rituksimab, sau biyu ake sawa da ɗan tsakani, sai ya kwantar da masu gadin da suka haukace na tsawon watanni. Illarsa shi ne yana barin ƙofa buɗe ga wasu cututtuka, sai an auna ta an tabbatar ba ta da tarin fuka ko ciwon hanta, kuma ba a ganin amfaninsa da wuri. Na uku wasu sababbin ƙwayoyi ne na kullum, ana jin labarinsu da kyau, amma ba a gama saninsu ga yara ba, kuma babu su a ƙasar.

Inna ta ce in tambaye ta wanne ke warkarwa. Likita ta ce ba za ta yi mata alkawarin ko ɗaya ba. Inna ta tashi tsaye.

"To mi kika yi nan da hwarar riga? Kin tara mu ki ce muna ba ki sani ba?"

Ban so fassara wannan ba, amma likita ta riga ta gane daga murya. Ba ta yi fushi ba. Ta ce in gaya wa tsohuwa da ta san wanda ke warkarwa da ba ta tara mu ba, da ta rubuta kawai. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta koma ta zauna. A mota ta ce mini matar nan ba ta ƙarya, shi ya sa ta ji haushinta.

Tambayarta ta biyu ita ce ta yanke magana.

"Wanne na in mun hwara ba a katse muna shi tsakiya? Ni na san garinmu, na san hanyarmu, na san ɗiyana. Wata-wata ba su bari na. A ba mu na sau biyun, in mutu in tashi sai na kawo ta."

Likita ta ce to, amma biyun nan sai sun cika, kuma cikin lokacinsu. Aka yi awo, aka yi jira mai tsawo. Inna ta sa aka kai saniyarta kasuwar Baleyara ba ta shawarci kowa ba, Yaya ya yi kwanaki ba ya shiga gaishe ta. A ƙarshe magani ya iso cikin ƙanƙara, duka biyun, aka sa a firijin asibiti da sunan yarinyar a jiki.

Ƙarin ruwan farko yini guda ya ci. Inna ta zauna bakin gado tana kallon ɗigon ruwan, ko salla sai da ta sa ni na karɓe ta gadin. Da muka kamo hanyar gida mota ta lalace bayan Baleyara, rana tsaka, wurin da babu itacen kirki. Takwara na da malafar da Inna ta sa aka saƙa mata, amma Inna ta ce ba ta isa ba. Ta cire mayafinta ta ce in kama gefe ɗaya, ita ta kama ɗaya, muka yi wa yarinyar rumfa. Ita kanta ba komai a kanta sai ɗan kallabi, ga ta da hawan jini. Na ce ta shiga inuwar, ta ce in rufe mata baki.

Bayan 'yan kwanaki ta faɗi kusa da turmi. Ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, kuma abin da ya fara tafiya shi ne bakin. Matar da unguwa ke jin muryarta daga kasuwa ta kwanta tana kallonmu, leɓe na motsi babu abin da ke fita. Ranar da za ta cika, da hantsi, na durƙusa ina gyara mata shimfiɗa. Sai na ji hannunta mai rai yana lalube a ƙasa. Na zaci ruwa take so. Ta wuce kofin, ta kama ƙafata, ta matsa, idonta a kan Takwara.

Masu cewa hanya ce ta kashe ta, wataƙila da gaskiyarsu, Allah ne ya sani. Amma su daina cewa a banza.

Randebu na biyu, ranar da likita ta sa mu koma, ya faɗo washegarin sadakar bakwai. Ranar sadakar, bayan an yi addu'a an raba abin rabawa, Yaya ya shigo cikin gida, mijina na biye da shi. Yanzu shi ne babba. Ya tsaya gaban mata ya yi godiya, sannan ya gyara murya.

"Na ji an ce gobe akwai zuwa Yamai. Ba a zuwa. Hanyag ga ta ci saniyar tsohuwa, ta ci tsohuwa, ba ta ƙara cin kowa gidan ga. An yi ƙarin ruwan hwarko, mi munka gani? Yarinya ga ta nan, kowa ya ga jikinta. A bar ta ta huta."

Mata suka ce gaskiya ne, Allah shi yi albarka. Mijina ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Ba mugu ba ne, 'yar farinsa ce, ga wansa na magana. Ni kuwa sai na ga hannuna ya tafi da kansa gefen da Inna ke zama, ya sauka a ƙasa.

Na tashi na shiga ɗakinta na ɗauko tabarmar. Na shimfiɗa ta tsakiyar rumfa, mata na janye ƙafafu. Na je na ɗauki yarinyar a hannuna, abin da ba wanda ya taɓa gani na yi, na zaunar da ita. Na ja da baya yadda Inna ke yi. Na buɗe baki zan ce Takwara, sai na ji ba ni da ikon wannan kiran, ba takwarata ba ce.

"Salamatu, tashi."

Wata tsohuwa daga Tabla ta dafe baki. Na kira sunan 'yar farina, na kira sunan surukata, a gidanta, ranar sadakarta. Yaya ya fara juyawa zai fita.

"Yaya, ku tsaya. Inna ta roƙe ku kunka ƙi. Yau sai kun duba."

Yarinyar ta kalle ni, sannan ta fara. Ta mirgina ta kifa ciki. Ta ja gwiwoyi ƙarƙashinta, ta dafa ƙasa da hannu biyu. Ta ɗaga ƙugu, ƙafafu na rawa. Ta ɗauke hannu ɗaya ta kama ƙwaurinta, ta kai ɗayan gwiwa, tana hawan jikinta kamar mai hawan rumbu. Kumatun nan da ake yabo suna ta karkarwa, zufa na zuba a kansu. Ta kai hannu cinya, wuyanta ya kasa riƙe kanta, ta zube gefe guda. Ba wanda ya ce tubarkalla.

Yaya ya gani, wannan karon ya gani har ƙarshe. Da ya samu bakin magana, ni ya kalla.

"Ashe ba ki da kunya."

"Da mai baki nika kunya, Yaya. Kun rufe mai bakin."

Na ɗauko zanen goyon Inna na goya ta. Ta yi girma da goyo, ƙafafunta na bugun bayan gwiwata. Na fita ta zaure, ta gaban mazan da ke zaune, na kama hanyar tasha don mu kwana Yamai. Ba wanda ya tare ni, ba kuma wanda ya raka ni. Sai da na kusa kasuwa na ji gudu a bayana. Mijina ne, da malafar a hannu. Ya ɗora mata a ka, kuma da mota ta cika yana ciki.

Mun wuce Tabla tana kwance a jikina, na zaci barci take. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Madam."

"Na'am."

"Ashe kin san sunana."

An sa mata na biyun cikin lokacinsa. Yanzu damina ta sauka, gero ya kai gwiwa. Ba ta warke ba, kuma likita har yau ba ta yi alkawari ba. Amma makon jiya ta ɗaga hannu biyu ta ɗaura kallabinta da kanta, kuma in ta dafa turmi tana miƙewa daga tabarma. An fara rage ƙwayoyi, fuska ta fara saɓewa. Matan nan kuwa, su dai ɗin nan, sun fara tare ni a hanya suna jajanta mini, wai yarinya ta rame, ciwo ya dawo. Na daina amsa musu, tabarma nake nuna musu. Yaya yana amsa gaisuwata da ƙyar. Ban daina fushi da shi ba, ko da yake wani lokaci nakan tuna shi ma uwarsa ta tafi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Kowace safiya kafin in tafi lakwal ni ke shimfiɗa tabarmar, ni ke kiran sunan, maƙwabta na ji ta katanga. Allah ya jiƙan mai dambun bakin kasuwa, ya yafe mata zaginta da askar wanzami, ya yi mata inuwa yadda ta yi wa jikarta a bayan Baleyara. Allah ya jiƙan Salamatu. Na faɗa, na kuma rubuta, wanda kunya ta kama ya toshe kunnensa.